Kiran da Ya Kai Ni Potiskum

Da me ake gane mai gaskiya a waya, idan shi da maƙaryaci duk muryarsu rawa take yi? Shekara da shekaru ana cewa ni ce gwanar wannan, amma har yau ban san amsa ba. Malama Yagana, wadda ta gaji ajin maigidana, ita ta ce in ba da labarin tafiyata saboda sababbin ɗalibai. Ban yi boko ba. Ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo ta ajiye biro ta jira ni.

Na auri Malam yana gyaran rediyo a Gamboru. A gabana ya koma karatu, har ya zama mai koya wa 'yan shekarar farko a jami'a yadda ake tsare kwamfuta da waya daga ɓarayin da ba sa haura katanga. Yakan ce ɓarawon yanzu ba ya wahalar fasa kwado, mai riƙe da mabuɗi yake lallaɓa. Shi ya sa kowace shekara, da yardata, yake bai wa ajinsa lambata. Aikinsu shi ne su yaudare ni in faɗi sunan da mahaifiyarsa take kiransa da shi yana yaro. Ban da Malam, ni kaɗai na rage a duniya da na san sunan. Sun zo mini a matsayin 'yan banki, da masu raba tallafi, da dangi daga ƙauye. Wata ta yi mini Kanuri mai daɗi har na kusa faɗa. Babu wanda ya taɓa samu. Abu biyu Malam ya koya mini: mai gaggawa abin zargi ne, kuma ki katse ki kira ta lambar da kika sani.

Lamisula

Ran Talata Malam ya kamata ya dawo gidanmu na Lamisula, a Maiduguri, daga wani taro a Kano. Bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Namiji ne, yana haki. Ya ce sunansa Garba, motarsu ɗaya da Malam, ciwo ya kama Malam a hanya, yana asibiti a Potiskum, in zo da sauri.

Lokacin kiran ɗalibai ne, mako na uku da fara aji. An taɓa yin wani yaro da ya ce mini Malam ya yi haɗari, Malam ya kayar da shi saboda haka. Sai na ce, "Ɗana, an riga ka wannan dabarar. Ka koma ka yi karatu." Na katse.

Na danna hoton Malam, don da hoto nake gane lambarsa. A kashe. Na sake, a kashe. Na kira Malama Yagana, ta bi ajin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba shi ba ne. Amma ai rantsuwa ma suna yi mini a waya. Na aika a kira ƙanena Modu daga shagonsa. Shi ya ƙara mini wani tsoron: ya ce haka masu satar mutane suke janyo iyali zuwa kan hanya. Ya kira baƙuwar lambar, ba ta shiga. Ko da mun so fita a lokacin, an riga an rufe hanyar Damaturu sai safe.

Da aka idar da asuba na ɗaure zane biyu a ɗankwali, na ɗauki maganin hawan jinin Malam da ya manta a kan taga. Modu ya ce in tarko ne fa? Na ce to ya kama mu tare.

Tasha da ƙofar gari

Ƙarfe shida muna tasha. Motar ƙarama ce, mutum huɗu a baya, aka ba ni gefen taga saboda shekaru. Direban Bashuwa ne mai yawan barkwanci. Da ya ga ina ta juya waya a hannu ya ce ko saurayi nake jira. Na ce eh, shekara arba'in ina jiransa ya dawo da wuri. Mota ta yi dariya, ni ban yi ba.

A Njimtilo, ƙofar fita gari, muka tarar da layin motoci, tireloli da bas-bas, ana jiran a buɗe hanya. Masu ƙosai da kunu suna bi mota mota. Modu ya saya mini, na riƙe har ya huce. Sai wajen bakwai da rabi layi ya motsa.

Auno zuwa Benisheikh

Direba ya ce Damaturu ba ta kai tafiyar awa biyu ba in da babu tsayawa, amma tsayawar ita ce tafiyar. A wasu shingayen sojoji kowa yakan sauka ya taka da ƙafa, mota ta biyo a hankali. Gwiwata ba ta son haka. Ana kuma hana taɓa waya kusa da shinge.

A daidai nan wayar ta yi ƙara, muna dab da shingen bayan Jakana. Na kai hannu, direba ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Hajja, don girman Allah ki bar ta." Ta yi ta ƙara a cinyata har ta gaji. Sojan da ya leƙo yaro ne, ya gaishe ni, ya ce mu wuce. Da muka yi nisa Modu ya duba: baƙuwar lambar jiya ce. Ya kira, babu sabis.

Daga Mainok zuwa Benisheikh ban ga komai ba sai gidajen da ba rufi da itatuwan da aka sare a bakin titi. Ina ta auna muryar mutumin a raina, yadda na saba auna ta yara. Ɗalibi in yana ƙarya yakan cika bayani, wannan bai cika ba. Ɗalibi yakan nemi wani abu, wannan bai nemi komai ba sai in zo. Amma ya yi gaggawa. Na roƙi Allah ya sa yaudara ce. Ban taɓa tsammanin zan roƙi a ce ɗalibi ya ci ni ba.

Damaturu

Mun shiga wajen sha ɗaya. Nan za mu sauya mota. Modu ya tafi neman ta Potiskum, na zauna a benci wajen wata mai masa. Sai wayar ta sake ƙara.

Garba ne. Ya ce tun jiya yake nema, wayarsa ce ta mutu. Ya ce ta Malam ma ta mutu, lambata da ka Malam ya faɗa masa. Ya ce ya gaya wa Malam na kore shi, Malam ya yi murmushi ya ce dama ya sani.

"Ya ce in faɗa miki wata kalma, Hajja. Ni ban san ma'anarta ba."

Ya faɗi sunan. Bai ma iya faɗinsa daidai ba.

Ba zan maimaita shi a nan ba, Malama Yagana ma ta daina tambaya. Mai masa ce ta taso ta riƙe ni. Modu ya dawo yana murna wai yanzu mun tabbata ba tarko ba ne. Ni kuwa na san mutumin da na aura. Wanda ya tsare suna tun muna da ƙuruciya ba zai ba baƙo shi saboda zazzaɓi ba.

Potiskum

Hanyar ta fi sauƙi, shinge kaɗan, amma ita ta fi yi mini tsawo. Mun isa ana kiran azahar. Garba yana bakin ƙofar asibiti, dogo, falken shanu ne, ya bar cinikinsa ya kwana a kan tabarma saboda mutumin da bai sani ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari, in shiga.

Na sami Malam da rai. Wannan kam na gode wa Allah. Gefensa ɗaya ba ya motsi, bakinsa ya ɗan karkace, amma idonsa nasa ne. Na nuna masa maganin da ya manta, ya lumshe ido kamar yaron da aka kama. Ya tambaya ko na katse na kira lambarsa, na ce na yi. Ya gyaɗa kai. Ya yi mini magana ɗaya bayan wannan, sannan ya koma salati. Kafin magariba ya cika. A Potiskum aka yi masa sutura washegari da safe, Garba yana sahun gaba.

Komawa

Ran Alhamis muka juyo, da jakarsa a cinyata. Shingayen nan dai, saukar nan dai, amma ban ji tsoron komai ba, don babu sauran abin da zan makara a kai. Mun shiga Maiduguri kafin a rufe ƙofa. A Lamisula na tarar da layinmu cike da ɗalibai, na bana da na shekarun baya. Wasu da murya na gane su. Wadda ta yi mini Kanuri ta durƙusa tana kuka, na ce ai ke ce ƙanwar kakarsa ta ƙarya, ta yi dariya cikin hawaye.

Ina godiya ga Garba, da Modu, da mai masar da ban san sunanta ba, da direban da ya hana ni ɗaga waya. Allah ya saka musu.

Ku kuma sababbi, Malama za ta ba ku lambata bayan na fita takaba. Ku kira, amma kada wanda ya ce mini wani ba shi da lafiya. Kada kuma ku wahala zuwa Potiskum neman Garba, abin da ya sani ya daina aiki. Malam ne ya sa, da ya jawo hannuna da hannunsa mai motsi ya ce:

"Bintu, sunan ya fita, na ba wani. Ki zaɓi sabo kafin yaran su sake kira. Kada ki faɗa wa kowa, ko ni."