Shirun Manhaja a Hanyar Gatawa

Shekarun baya, lokacin da hanyoyinmu suka fara lalacewa da 'yan bindiga, ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabon Birni. Masu kai kaya garin Isa ne, da masu tsallakawa Nijar. Abokina, wanda ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya haɗa mana manhaja ta waya. Aikinta ɗaya ne: wanda ya ga abin tsoro a hanya ya ɗauki muryarsa ya tura, ita kuma ta raba wa kowa. Murya muka zaɓa don da yawanmu ba sa rubutu.

Ni na tsara dokar, kuma na yi alfahari da ita. In an ji saƙo, a tsaya. In ba a ji komai ba, hanya lafiya.

Manhajar ba a wayoyinmu take zaune ba. A kan kwamfutar haya take, can wata ƙasa, irin wadda ake kira kilaud. Ranar da za a ɗora ta, abokina ya nuna mini girma-girman da ake bayarwa, ƙarami da matsakaici da babba, ya ce bambancinsu yawan memori ne. Na ce a tsarina komai daga ƙarami ake farawa. Ya so ya yi bayani, na ce ya ajiye sai an zo wurin.

Wata safiyar damina mahaifiyata ta shirya zuwa Gatawa, sunan jikarta. Ta tsaya a ƙofar shagona da ƙullin kayan barka, ta ce in duba mata abin nan namu. Na duba. Babu saƙo ko ɗaya. Na ce, “Inna, hanya lafiya lau.” Ni da kaina na raka ta tasha, na sa ta a gidan gaba.

Hantsi bai gama dubawa ba wani ɗan ƙungiyarmu ya faɗo shagon a kan babur, ko sallama bai yi ba. Ya tambaye ni don me muka bar motoci suka tashi, alhali tun da sassafe ya tura cewa an ga mutane da bindigogi a kan babura, suna ratsa gonaki wajen hanyar Gatawa. Ya ce ba shi kaɗai ba, kusan duk wanda ke yankin ya tura. Na nuna masa wayata. Fayau.

Na kira mahaifiyata, ba ta shiga. Na kira direban, ba ta shiga. Na san sabis yana yawan ɗaukewa a hanyar nan. Na zauna a kan buhun gero ina sake danna lambar.

Sai na kira abokina. Na ji shi yana buɗe kwamfuta, sannan ya ce manhajar tana mutuwa tana tashi tun safe. Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce kwamfutar tana da rumbu, tana kuma da tabarma. Rumbu wurin ajiya ne. Memori ita ce tabarmar da ake baza aikin da ake yi yanzu. Tamu 'yar ƙarama ce, kuma kowace murya sai an baza ta gaba ɗaya a kai kafin a raba ta. A ranar da ba komai, murya ɗaya ko biyu ke zuwa, tabarma ta isa. Yau kowa ya tura a lokaci guda. In kaya suka wuce iyakar da muka yi haya, masu kwamfutar ba sa jira, ba sa tambaya. Kakkaɓe tabarmar ake yi, a sake shimfiɗa ta babu komai, abin da ke kai kuma ya tafi.

“To shirun da ni gani fa?” na ce.

“Ba shirun lafiya ba ne. Shirun suma ne.”

Ya ce zai mayar da ita babban girma yanzu, in sa mutane su sake turowa. Ni dai abin da ke kaina shi ne gidan gaba. Na san wanda ake fara gani in an tare mota.

Da ta farfaɗo, saƙonni suka fara shigowa. A nan na gane sauran matsalar. Na buɗe na farko, wani dattijo ne daga wani ƙauye na bakin hanya. Ya yi sallama. Ya gai da shugaban ƙungiya, ya gai da ni. Ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da yadda gero ya yi a wajenmu. Ina riƙe da waya a kunne, ina roƙon Allah ya kawo shi ga magana. Tsoro ya hana ni tsallakewa, kada in wuce wurin da zai faɗi abin da nake gudu. Haka muryoyinmu duka suke, rabinsu gaisuwa, kuma ita ta taimaka wajen cika tabarmar.

Can ƙarshe ya ce motar da ta taso daga Sabon Birni tana nan ƙauyensu, kowa lafiya. Wata tsohuwa ce a gidan gaba ta matsa wa direba ya tsaya ta yi ta'aziyya a wani gida, ta ce yanzu za ta fito. Ba ta fito yanzu ba. Direba na ta hon, fasinjoji na ta ƙorafi, har manoma suka shigo da gudu da labari. Motar da ta wuce su a lokacin an tare ta, an kwashe kaya da wayoyi, Allah ya tsare rayuka.

Na ajiye wayar na shiga bayan shago. Abin da na yi a can ba za ni rubuta ba.

Bayan haka mun gyara abubuwa, bi da bi. Na farko, mun bar manhajar a girman da zai ɗauki ranar tashin hankali, ba ranar zaman lafiya ba, don a ranar tashin hankali ake neman ta. Na biyu, abokina ya sa kowace murya ta shiga rumbu kafin ta hau tabarma, ko an kakkaɓe ba za ta ɓace ba. Na uku, na soke dokata. Yanzu manhajar kan turo alama lokaci-lokaci cewa tana raye, in alamar ta ɗauke ba mai tashi. Ni kuma na koyi duba layin memori, in na ga ya doshi iyaka in yi magana tun da wuri.

Na huɗu ne ya gagare ni. Na kafa doka cewa a fara faɗin wuri, sannan abin da aka gani, gaisuwa ta zo ƙarshe. Na karanta wa mahaifiyata ita bayan ta dawo. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Kai dai ka ƙara musu tabarma. Ni ban iya yi ma mutum magana ban gaishe shi ba.”

Har yau in waya ta daɗe ba ta yi ƙara ba, nakan tashi in duba. Dokar ta huɗu kuwa ba wanda ya taɓa bi, ni ma ban sake tayar da ita ba.