Dutsen da Ake Jin Jidda

Shekara goma sha shida ke nan da na zo umra, na kuma manta hanyar filin jirgi. Ina zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda, ina toya masa a ƙofar gida, masu fitowa daga masallaci su saya. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, amma ina da tanda biyu da baki mai kaifi, da su nake rayuwa.

Garinmu yana can kan tsauni a bakin iyakar Kamaru, inda akuya kan yi kalaci a wata ƙasa ta dawo ta kwana a wata. Lokacin da na baro shi mota ba ta taɓa hawa ba, sai jaki da ƙafa. Waya ma ta riga hanya isowa. Wani malamin firamare ne ya hau neman saniyarsa, yana isa wani falalen dutse sama da gari sai wayar aljihunsa ta yi ƙara, ga saƙo da Faransanci. Ashe sabis ɗin Kamaru yana leƙowa nan. Daga ranar wurin ya zama gidan wayarmu, tafiyar kusan awa guda daga ƙofar gidan Inna, mahaifiyata.

Kowace Juma'a da hantsi Inna takan karɓi wayar ƙanena ta hau. Da ƙarfi take magana, don a ganinta muryar sai ta tsallaka teku da kanta. A bayanta kuwa masu jiran layi suna zaune, kunnuwa a buɗe. Na taɓa gaya mata a asirce cewa haƙorina ya fita, kafin azahar wata gwaggona ta aiko da sunan magani.

Sai ci gaba ya hau tsaunin. Ƙanena ne ke kawo mini labari kashi-kashi, yana rawar murya kamar shi ya ba da kwangilar. Katafila ta yanka gefen dutse, an zuba kwalta, manyan motoci sun fara hawowa ɗaukar dankali da fiya. Kasuwa ta tashi ta koma bakin titi, rabin gari ya bi ta. Shi kansa ya sayar da jakin gidanmu ya sayi babur. An gina masauki don baƙi daga birni, masu biyan kuɗi a kai su hawan dutse da sanduna biyu da takalman roba. Inna ta ce ta je ta kalle su da idonta, ta dawo ta rasa abin cewa, sai addu'ar Allah ya ba su lafiya.

Daga ƙarshe aka kafa ƙarfen sabis a bayan makarantar firamare. Na yi murna har na ƙona masa kasko guda. Na sayi waya mai manyan lambobi a kasuwar Bab Makka, na ba wata alhajiya ta kai wa Inna. Na ce shi ke nan, tsohuwa ta huta, daga kan gadonta za ta riƙa kirana.

Juma'ar farko waya ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji iska tana kaɗawa, Inna tana haki.

Na ce, "Inna, kina ina?"

"Ina inda nake kullum mana. Kina jina?"

"Ba ga sabis har cikin ɗakinki ba?"

Ta ce, "Wannan na kiran 'yan kasuwa ne. Jidda a nan ake jin ta."

Na yi dariya a lokacin, amma dariyar ba ta je ciki ba. Gwiwoyin Inna sun daɗe da gajiya, kuma da damina dutsen nan santsi gare shi kamar an zuba kuɓewa. Ta taɓa zamewa ta goge hannu, aka ɓoye mini wata biyu. Ni kuma na san matsayina: in ta faɗi ta karye, ba ni da takardar da zan je in duba ta in dawo. Wannan tsoron shi ke hana ni sakewa duk Juma'a.

Na fara da lallashi, na koma faɗa. Na sa ƙanena ya zauna a bakin gadonta ya kira ni don ta ji da kunnenta. Ta saurara, ta ce e, muryar ta yi kama da tawa, amma ba ta cika ba.

Maƙwabciyata haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Ta gan ni ina juya masa ina tsaki, ta ce, "Ya ukhti, khalas, me ya sa kike ta'ab da kanki? Ku ce mata shabaka, wato sabis, na dutse ya mutu. Yalla, magana ta ƙare."

Shawarar ta yi mini. Ƙanena ya je ya tsara wa Inna cewa mutanen Kamaru sun janye sabis ɗinsu, ba ko ɗigo a kan dutse. Abin da mu duka uku ba mu tuna ba shi ne sabon ƙarfen bayan makaranta ya fi kamawa a can sama fiye da ko'ina. Inna ta hau don ta tabbatar da kanta, ta kira ni murya tangararas.

"Ki gaya wa ƙanenki sun dawo da shi."

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na aika mata cewa in na ɗauka na ji iska, zan kashe. Juma'a ta zo, na ɗauka, na ji iska, na kashe. Ta sake kira, na sake kashewa. Daga baya ƙanena ya gaya mini ta zauna a kan dutsen har aka sauko daga masallaci, wayar tana kan cinyarta. Da ƙyar ta sauko, gwiwa ta kumbura, sai da aka goyo ta a babur daga rabin hanya.

Mako na gaba ta kira daga ɗaki. Ba iska, ba ihu, muryarta ƙasa-ƙasa. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ita ma ta san ƙafar ta gama aikinta. Sannan na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun farko, wato me take samu a can saman.

Ta ce, "Ba saman ba ne, 'yar nan, saukowar ce. In mun gama magana ina da tafiyar awa guda, ina tafe ina maimaita abin da kika ce, ina ba ki amsa. Kafin in iso gida na ƙoshi da ke. A nan kuwa da kin kashe sai ni da bango. Maƙwabta duk sun koma bakin titi."

Na dubi agogo. Ga ƙullu yana jira, ga mutane sun kusa fitowa daga masallaci. Na ce, "To Inna, sai an jima," ta ce, "Sai an jima." Na kai yatsa zan kashe, sai na fasa. Na jingina wayar da robar ƙullu, na ɗora tanda a wuta, na zuba mai, na ci gaba da aikina. Ita ma ba ta kashe ba. Na zuba layin farko, na juya, na kwashe, har na ɗauka ta ajiye wayar ta yi barci.

Can sai na ji murya daga gefen roba.

"Man nan bai yi zafi ba kika zuba. Daga nan ina ji."

Na share ido da gefen mayafi, na ƙara wuta.