Ɓerayen Don Nibaldo

Nibaldo Cárcamo, wanda ake kira Don Nibaldo saboda girmamawa, ya fara shiga ramin kwal tun gemunsa bai tsiro ba, ramin nan da ya kutsa ƙarƙashin teku a kudancin Chile. Bai taɓa sauka ba sai da gutsuren burodi na ɓeraye, domin haka ya gada: muddin suna karakaina, rami lafiya yake, in suka fita a guje, to muguwar iska ta taso ko rufi zai rufta, sai mutum ya bi bayansu.

Da aka daina haƙa, gari ya mutu. Daga baya aka buɗe ramin don masu yawon buɗe ido, aka ɗauki tsofaffin mahaƙa su riƙa yi musu jagora. Nibaldo ya samu gurbi, tukunya ta koma kan wuta a gidansa.

Sai wata baƙuwa ta ga ɓera ta ƙwalla ƙara. Yasna, matashiyar da ke kula da wurin, ta sa aka zuba guba.

"Don Nibaldo, ga na'ura mun rataya, ita za ta gargaɗe ku," in ji ta.

"'Yata, na'urarki tana jin kukan katakon da ya tokare rufi?"

"Aka sake ganin ɓera, rufe mu za a yi, ku koma zaman benci."

Rami ya yi tsit. Kullum Nibaldo yakan sauka da baƙi, bakinsa na ba da labari, kunnensa na kan rufi. Abinci ya daina shiga.

Matarsa Eduvigis ta ce, "Tsoho, kwal bai kashe ka ba, sai rashin ɓera? Ga su can bayan kasuwar kifi, sun fi ka ƙiba."

Ya share gubar daga wani lungu mai nisa a cikin ramin. Washegari ya wuce gaban Yasna da kwanon abincinsa a ƙirji, yana ta tari don kada ta ji motsin ɓerayen da ya kamo ya zuba a ciki. Ya sake su a lungun nan.

Ranar da Yasna ta sauka tare da baƙi, aka kashe fitilu kamar kullum don su ɗanɗani duhun mahaƙa. Sai ga ƙaras-ƙaras kusa da takalminta.

"Mene ne wannan, Don Nibaldo?"

"Teku ce a samanmu, 'yata."

Ya lalubo burodi a aljihu, ya cilla shi nesa da ita, bai kunna fitila ba sai da ƙarar ta bi burodin.