Silifan Inna

A gidanmu na Nguru mun yi wani jan zakara da ba ya ga maciji da kowa. In ka fito tsakar gida da buta, sai ya sunkuyar da kai, ya baza gashin wuya, ya yo kanka. Mun ɗaure shi a jikin turmi, mun kife shi da kwando, amma da an sake shi sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Baba ya sha wasa masa wuƙa, Inna tana hanawa.

"Malam, a bar min shi," in ji ta. "Shi ke kore min shaho."

Ita kaɗai yake raga wa. Tana jan ƙafar hagu saboda ciwon gwiwa, kuma da ya ji ƙarar silifanta sai ya biyo ta yana jiran dusa.

Bayan ta rasu, wata safiya na ce bari in yi masa dabara. Na zura silifanta, na ratsa tsakar gida ina jan ƙafar hagu. Ya sheƙo da gudu daga bayan rumbu, ya tsaya a gabana, ya karkata kai ya dube ni. Bai sare ni ba. Ya juya a hankali ya koma.

Yanzu a Gashua nake zaune, silifan suna ƙarƙashin gadona, tabon saransa na dā yana ƙwaurina. Har gobe na fi son a ce ran nan sara ta ya yi.