Kyamarar da ta hango giginyar garinmu

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, ina sayar da wake da albasa a Mile One, cikin Fatakwal, kuma duk wanda ya san ni ya san daga rumfa sai gida sai masallaci, ko bakin ruwan Creek Road sai da dalili nake zuwa.

Wanda ya kawo ni Fatakwal Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mahauci, a gidansa na girma har ya yi min aure. Tun yana saurayi a garinmu shi ake sawa gaba in za a fita duban wata, akwai wata giginya a bayan gari kusa da katangar maƙabarta, nan ake tsayuwa, kuma an ce kafin kowa ya gama murza ido shi ya riga ya nuna da yatsa. To tunda ya zo Fatakwal bai sake ganin jinjirin wata ba, kun san garin, in ba hadari ba hayaƙi, in ba hayaƙi ba wannan baƙin abin da ke sauka har cikin hancin mutum. Sai rediyo ta ce an gani, shi ke nan. Ga shi tsufa ya zo, yana ta rufe masa ido, abu sai ya kawo shi dab da fuska yake gani, ga ciwon ƙirji. Kullum watan Sha'aban ya kama sai ya fara cewa shi dai da zai sake ganin jinjirin wata sau ɗaya da ya huta. Maganar nan ta hana ni sukuni, don na ga jikin nasa ba na jira ba ne.

Ina danne-danne a waya sai na ga ashe akwai masu ɗaukar wata da taurari da kyamara. Na ce to, in na ɗauka na buɗa masa hoton na kai dab da idonsa, ai ya gani. Na bi motar kaya zuwa Anacha, ni da ban son tafiya, muka sha cunkoso a Upper Iweka, na hau okada zuwa layin masu kayan lantarki. Wani mai shago, mutumin kirki, ya zaunar da ni ya ce in sama nake so, kada in ruɗu da ƙyalli, in nemi wadda ake cire mata ido a sa wani mai jawo nesa, wadda za a iya barin idonta a buɗe ya daɗe yana shan haske, sannan dole sai da ƙafa uku da za a ɗora ta, don hannu rawa yake. Ya ajiye min biyu, sabuwa ƙarama a kwali, da wata ta hannu, irin waɗanda suke kira Beljiyam, gefenta ya ɗan goge. Na juya wannan na juya waccan, na fita na dawo, raina ya kasa tsayawa, shi kuwa yana ta dariya yana cewa Malam ko saniya kake saye. Ta hannun ce ke da ido mai jawo nesa, ita na ɗauka, ya sa min sabon katin ajiye hotuna a gabana.

Da na kawo ta gida Kawu ya shafa ta kamar yadda yake shafa bayan bijimi, ya tambaye ni ta waye da. Na ce ban sani ba. Ya ce shi tunda yake bai taɓa yanka dabbar da bai tambayi daga inda ta fito ba, ya miƙo min abata.

Ranar duban watan azumi, dab da magariba, na hau saman wani bene da ba a gama ba a layinmu, na kafa ta tana kallon yamma. Hadari ne baƙi ƙirin, ko rana ba a ga faɗuwarta ba. Na dai danna don kada a ce ban gwada ba. Ta yi shiru, ta yi ƙas, na duba hoton.

Sama ce tas, ja-ja, ga jinjirin wata siriri, a ƙasa ga giginya wadda kanta ya karye, ga mutane a jere sun ba da baya. Na ɗaga kai, hadari da rufin kwano da tankunan ruwa. Na sake dannawa, wannan karon hadarin ne ya fito, na sake, hadari. Amma na farkon yana nan, kuma katin sabo ne, a gabana aka yage ledarsa. Ban san yadda na sauko ba.

Kawu ya kai ta dab da idonsa, ya ƙura wa hoton ido. Can ya ce in buɗa masa gefen dama.

"Wannan hular tawa ce," in ji shi. "Wa ke riƙe da hannuna?"

Na ce Kawu ai giginyar garinmu kanta lafiya lau yake, wannan wani wuri ne. Ya ce in kira gida. Na kira yayana, ina tambayarsa ya ce ai daminar da ta wuce tsawa ta sare mata kai, wa ya gaya min? Su kuma a ranar ba su ga wata ba sam.

Daga nan Kawu ya kafe sai an kai shi gida. Ni kuma ga kasuwar azumi, ga jikinsa, ina tsoron hanya ta ƙarasa shi, ina kuma tsoron in bar shi ya mutu a nan da maganar a bakinsa. Na yi ta kai-kawo, in shiga ɗaki in fito, in buɗe hoton in rufe, abinci ko na buɗa-baki ba ya shiga. Matata ce ta ce min, Malam, ka kai shi, rumfa ba za ta gudu ba. A hanya na tsaya Anacha na tambayi mai shagon ta waye da, ya ce a kwantena suke zuwa, ba wanda ya sani.

Mun isa garinmu a wahale. Ranar duban watan Sallah ya ce a sa masa hularsa, na riƙe hannunsa har gindin giginyar, muka tsaya a ƙarshen layi. Mutumin da ba ya gane fuskata sai na yi magana, wallahi shi ya fara ɗaga yatsa.

"Ga shi can," ya ce. "Alhamdulillahi."

Kowa ya bi yatsan, aka gan shi. Ana ta kabbara, ni kuwa sai a lokacin na lura da rigar da ke jikina, da yadda muka tsaya, da hannunsa cikin nawa. Kyamarar tana Fatakwal a ƙasan akwati. Na waiwaya in ga daga inda aka ɗauke mu, ba kowa a bayanmu sai katangar maƙabarta.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, a bayan katangar nan aka sa shi. Kyamarar tana nan, ban sayar ba, ban kuma sake ɗaga ta sama ba. Har yau in magariba ta yi ina tsaye a fili, sai in ji kamar an saita ni daga baya. Ku dai in za ku sayi abin da ke da ido, ku tambayi wanda ya riga ku leƙawa ta cikinsa.