Jirgin da Muka Haɗa da Autana

Akwai ranar da ko na so in cire ta daga raina ba ta fita, na kuma san da ita za a kai ni kushewa. Ita ce ranar da jirgin da muka haɗa da ɗana ya tashi.

Autana ne, magidanci mai mata da ɗiya guda, yana gyaran salula a kasuwar Tasawa. Hannunsa na da albarka, amma zuciyarsa ta riga ta yi arewa. Abokansa sun tafi haƙar zinariya cikin hamada, shi ma kullum maganarsa ke nan. Ni da na ƙare ƙuruciyata bisa hanya, daga Abijan zuwa Turabulus har Faransa, na san waɗanda hamada ta maido da waɗanda ta riƙe. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza.

Sai na tuna wani fili a bayan birnin Liyon na Faransa, inda tsofaffi ke taruwa ran Lahadi suna tuƙa ƙananan jirage daga ƙasa. Na sa wani tsohon abokina ya aiko mini da irinsu, samfurin jet, gunduwa-gunduwa cikin kwali. Na ce a raina, in na cika masa hannu da abin da ya fi salula, wataƙila ƙafarsa ta zauna.

Damina guda muka yi a kansa cikin zaure. Ni ke karanta bayanin da Ingilishi ina fassarawa, shi yana liƙa fiffike da gam, yana ɗiga dalma bisa wayoyi, yana daidaita farfelar da ke ɓoye cikin cikin jirgin.

“Baba, Turancin nan naka na tasha ne,” in ji shi. “Ka ce hagu, ga shi dama ne.”

“Kai dai liƙa, ɗan nema.”

Wata rana surukata ta raɗa mini cewa ya daina zancen hamada. Na ɗauka na ci nasara.

Bayan an yanke gero muka hau moto, wato babur, zuwa wani ƙauye gaba da Urafane, inda danginmu ke da gona shimfiɗaɗɗa. Muka tumɓuke kututturan gero, muka share wa jirgin hanya. Ɗana ya riƙe telekomandi, na’urar tuƙa jirgin daga ƙasa. Jirgin ya ruga, ya yi tsalle, sai ga shi sama yana wani irin fito mai tsinin gaske.

“Baba, ya tashi! Wallahi ya tashi!”

Ban gama share hawaye ba na ji kururuwa daga wajen rijiya. Mata sun watsar da guga suna ihun jirgin yaƙi. Shanun makiyaya da ke shan ruwa suka firgita, suka bi ta kan wata tsohuwa, ƙugunta ya karye. A Liyon ko kai ba a ɗagawa. A nan kuwa mutane sun sha jin labarin jiragen da ba matuƙi, masu shawagi kafin wuta ta sauko.

Ɗana ya sauko da jirgin lafiya, ko ƙwarzane babu. Kafin mu ɗauke shi, mai gari ya iso, jama’a na bayansa.

“Wasa ne, ranka shi daɗe,” na ce.

“A can inda ka gano shi wasa ne, Alhaji. Mu nan ba mu san wasa na fitowa daga sama ba. In ba a fasa shi gaban mutanen nan ba, ba mai barci a garin nan.”

Ba zan ce bai yi gaskiya ba. Ɗana bai bari kowa ya taɓa ba. Da kansa ya ɗora ƙafa bisa fiffiken, na ji ƙarar har cikin ƙirjina.

Muka kai tsohuwar wurin mai ɗori, muka kamo hanyar gida. Da muka iso ƙofar gida ya ce, “Ka gani, Baba? Ko sama ba tamu ba ce.”

Kafin sanyi ya fita ya tafi. Da farko yakan kira, daga baya wayar ta daina shiga, har yau. Telekomandin na nan. Ɗiyarsa takan ɗauka ta matsa ƴan sandunan tana kallon sama.

Abin da ranar ta koya mini mai ɗaci ne. Kana iya ɗauko abu daga wata ƙasa cikin kwali, amma kwanciyar hankalin da ta sa ya zama wasa a can ba ta shiga kwali. Kuma ɗan da zuciyarsa ta tashi, duk dabarar uba jinkiri kawai take saya masa. Ni damina guda na samu.