Shirun Lado Direban Burodi

Mutanen Riko sun san Lado tun yana bin jakunan mahaifinsa, amma Jibiya da sitiyari ta san shi. Shekara goma sha biyu ya yi yana jan motar gyaɗa, har fari ya zo ya cinye gyaɗar. Sai kuɗin man fetur suka sauko kamar ruwan marka, mutanen da suka tashi da koko da ƙosai suka koma shayi da burodi. Alhaji Maharazu ya buɗe gidan burodi a Katsina, ya sayi wata tsohuwar akori-kura, ya ɗauki Lado ya ba shi hanyar Jibiya.

Hanyar nan ita ce gonarsa. Ya san kowane rami a kwaltarta kamar yadda harshe ya san giɓi. Motar tun kafin a sauya hannun tuƙi a ƙasar aka yi ta, sitiyarinta a dama, in zai wuce tirela sai ya miƙa wuya kamar zalɓe. Lagireto na tafasa, taya na sacewa, tirelolin siminti da shinkafa na toshe bakin iyaka har rana ta take. Can kuma masu shayi goma sha huɗu na jiransa, kowa da halinsa. Wannan ba ya son mai ƙonannen gindi, wancan sai an fara sauke masa ko ya yini yana kumburi. In ya makara su yi masa tsiya, in ya yi sammako su ce wa ya kore shi daga gida. Babbansu Kalilu taubashinsa ne, wanda bai taɓa kiran motar da wani suna ba sai Kaka.

Abin da Lado ya sani, wanda ba a rubuta a ko'ina ba, shi ne burodi na numfashi. In ya fito daga tanda ba ya barin a sa shi a leda sai ya ɗora bayan hannunsa a kai ya ji ya huce. Sannan ya jera shi a kan katako, ya rufe da asabari don iska ta ratsa. Ma'aikata na ganin jinkirin tsufa ne. Bai taɓa yi musu bayani ba, su ma ba su tambaya ba.

Shekarar da aka raba wa ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, Alhaji ya sayo sabuwar mota. Fara ce fat, rufaffiya, da sunan gidan burodin a jikinta da jan fenti. Ranar da aka kawo ta Lado ya sa rigarsa ta Juma'a. Yana tsaye, hannunsa har ya fara ƙaiƙayi, Alhaji ya miƙa makulli ga Uwaisu, wani tsohon soja ɗan shekara talatin da ya yi tuƙi a yaƙin basasa, mai karatun boko da ɗan Faransanci a baki. Alhaji ya ce yana so kaya su riƙa tsallaka iyaka, ana bukatar mai iya magana da jandarma. Hanyar Jibiya ta koma hannun Uwaisu. Lado da Kaka aka ba su ƙauyuka, Farfaru da Mazanya da Riko, inda ake sayen burodi ɗaya a raba wa gida guda.

Hassada ba ta shigo masa da ihu ba, gara ce, ta ciki take ci. Da Uwaisu mai girman kai ne da abin ya zo da sauƙi. Amma kullum sai ya rusuna ya ce Baba Lado an tashi lafiya, wani lokaci har da goro. Lado ya karɓa ya tauna, ya ji kamar maɗaci. Ƙarar ƙofar farar motar in an rufe ta, tsaf, ba kwaramniya, ita kaɗai ta isa ta ɓata masa yini. Ya ji labari wai masu shayi na fitowa kallonta, wai Kalilu da kansa ya shiga gaba an zaga da shi tasha.

Duk lokacin sanyi ba abin da ya faru, don Uwaisu bayan Lado yake lodi, burodin ya riga ya huce ba da sanin kowa ba. Sai bazara ta shigo. Wata ranar kasuwar Jibiya Alhaji ya ninka gashin burodi, Uwaisu kuma ya ƙudura zai riga tireloli isa. Rana na fitowa ya sa aka riƙa kwaso burodi daga bakin tanda, ana zuba shi a leda yana turiri, ana cusawa har rufin mota. Lado na zaune a benci yana kallo. Ya ga ledar ta fara hazo. Maganar ta taso masa har maƙogwaro.

Uwaisu ya rufe ƙofa, ya juyo yana share goshi.

"Baba Lado, da sauran abin da zan duba?"

Lado ya dubi ƙofar, ya dubi jan fentin.

"Duba ruwan lagireto," in ji shi. "Yau za a yi rana."

Uwaisu ya yi godiya, ya duba, ya tafi.

Hanyar Riko ba ta bi ta bakin iyaka ba, amma da azahar Lado ya tsinci Kaka tana nufar can, yana gaya wa kansa gaisuwa zai kai. Ya tarar da farar motar a buɗe, mutane sun kewaye ta. Awa uku ta yi a bayan tireloli, rana na dukan ƙarfe. Burodin ya yi gumi ya jiƙe, na sama ya danne na ƙasa, duka ya manne ya zama kamar kwanannen tuwo. Uwaisu na tsaye da guda a hannu, yana matsawa ruwa na fitowa, kamar mai neman wanda zai fassara masa. A gefe wani mutumin Maraɗi da ya zo da dogon burodin Faransa a buhu ya sayar da nasa kaf, masu shayi na roƙonsa ya dawo gobe.

Wani daɗi ya ratsa Lado, mai sanyi kamar ruwan randa. Bai gama haɗiye shi ba Kalilu ya kamo hannun rigarsa ya ja shi bayan rumfa.

"Taubashi, ina kake sa'ad da anka yi wanga lodi?"

"Ina wurin."

"Da idonka?"

"Ba motata ba ce."

Kalilu ya ce, "Ba motarka ba ce. To teburin fa, na wa ne? Yau kasuwa, tun safe nike dafa ruwa ina ba mutane haƙuri." Ya saki rigar, ya koma wajen butarsa. Ranar bai tambayi lafiyar Kaka ba.

Washegari Alhaji Maharazu ya ce aikin abinci sai wanda ya san abinci. Ya mayar wa Lado hanyar Jibiya, da farar motar gaba ɗaya, ya ba Uwaisu Kaka da ƙauyuka. Uwaisu ne ya kawo makullin da hannu biyu. Bai zargi kowa ba. Ya dai ce birkinta na da kaifi, Baba ya taka a hankali.

Haka Lado ya koma hanyarsa, yana ɗaure ƙofar baya da igiya a ɗan buɗe don iska. Cikin masu shayi goma sha huɗu, shida sun riga sun saba da dogon burodi. Kalilu na karɓar nasa, ya ce an gode Malam Lado, kamar mai gaida baƙo.

Kafin damina ta sauka labari ya fara zuwa daga ƙauyuka. Wai Uwaisu ya kwance injin tsohuwar motar ya wanke, ta daina tafasa. Wai a Farfaru mata na ajiye masa fura, a Mazanya an koya masa sunan kowa. Wata safiya suka haɗu a mararraba, tsohuwar akori-kura ta wuce shi tana tafiya sumul, abin da ba ta taɓa yi masa ba duk zamansu tare. Uwaisu ya ɗaga hannu, ya danna ham sau biyu. Lado ya bi su da kallo ta madubi har suka shige kwana, yana jin garar nan ta sake motsi a ƙirjinsa. Sai da tirelar bayansa ta yi masa tsawa sannan ya sa giya.